Girish da danginsa: kifin da ba shi da ƙashi ko ɗaya

Bahaushen da ya tashi a bakin Kwara ko Tafkin Chadi, ko a gaɓar Nilu wajen Mai Wurno, kifin da ya sani shi ne tarwada, karfasa, kurungu da giwan ruwa. Dukansu masu ƙaya ne, masu zuba ƙwai masu yawa a ruwa. Ranar da ya shiga kasuwar Bangala a Jidda, ko kasuwar kifi ta Bur Sudan, ya tarar da girish shimfiɗe a kan siminti, sai ya ɗauka babban kifi ne kurum mai mugun baki. Daga wannan zaton ne ake samun tukunya mai warin fitsari, da ƙafar da ta kumbura, da kuma tekun da ke ƙarewa ba a lura ba. Girish kifi ne, amma tsakaninsa da karfasa akwai nisan da ya fi na karfasa da akuya, in ana maganar asalin halitta.

Sunan ma tukuna. Larabawa suna rubuta ƙirsh, mutanen Sudan da Hijaz suna furta shi girish, su kuma masu kallon talabijin a gida Najeriya suna cewa shak. Ba shi da haɗi da girish ɗin kuɗi, kama ce kawai ta lafazi. Wasu malaman lugga dai sun ce daga sunan wannan dabba aka samo sunan Ƙuraishawa, ko da yake ba shi kaɗai ne ra'ayin da aka ruwaito ba.

Masana suna kiran dangin gaba ɗaya Chondrichthyes, ma'ana kifaye masu guringuntsi. Guringuntsin nan da ke kunnenka da karan hancinka, shi ne ginshiƙin jikinsu tun daga ƙoƙon kai har wutsiya. An ƙarfafa shi da wasu ƙananan faya-fayen alli da suka lulluɓe shi kamar daɓen tayil, musamman a muƙamuƙi da gadon baya, shi ya sa ba ya lanƙwashewa kamar kunne. Jinsunansu sun kai kusan 1,200, kuma zuriyar ta haura shekara miliyan 400 a duniya. Gida biyu ne. Babban gida, Elasmobranchii, ya ƙunshi girish sama da iri 500 da kuma masu faɗi kamar faifai sama da iri 600. Ƙaramin gida, Holocephali, iri hamsin da 'yan kai ne kacal, kuma da wuya masunci ya gan su domin a ƙasan teku mai zurfi suke zaune. Haƙoransu farantai ne uku-uku a haɗe bibbiyu, na niƙa, fatarsu sulɓi, muƙamuƙin sama a manne yake da ƙoƙon kai, kuma suna da marfi a kan mashaƙarsu kamar sauran kifaye. Su ke nan, ba za mu sake komawa kansu ba.

Yadda za ka bambance girish da ɗan gidan faifai ba ya buƙatar littafi. Nemi tsagogin numfashi. Yawanci biyar ne, a 'yan jinsuna shida ko bakwai, a buɗe ba marfi. In suna gefen wuya, girish ne. In sai ka kifar da shi ka gan su a ciki, ɗan gidan faifai ne, komai kamarsa da girish. Wannan ƙa'ida ita ke warware rikicin halawi, wanda gabansa faifai ne bayansa girish: tsagoginsa a ƙasa suke, don haka ba girish ba ne. Haka abu minshar mai zarto a hanci. Halawi ma da sunansa na Larabci ya shiga littattafan kimiyya, Glaucostegus halavi, domin Peter Forsskal, ɗan Suwidin da ya bi Bahar Maliya yana rubuta sunayen kifi daga bakin masunta, haka ya ji ana kiransa. Ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa a 1775.

A cikin girish ɗin kansa, abu uku za ka duba: ko akwai ƙaramin fiffike a ƙasa tsakanin dubura da wutsiya, ina baki yake in an gwada da ido, kuma ko idon yana da wani fatar-ido na uku da ke rufowa daga ƙasa. Mai fiffiken ƙasa da fatar-ido na uku, bakinsa a ƙarƙashin ido, shi ne ɗan gidan Carcharhiniformes, gidan da ya kwashe fiye da rabin girish na duniya, kuma kusan duk abin da ake gani a kasuwannin Bahar Maliya nasa ne: mai baƙin bakin fiffike da ke yawo a ruwan gwiwa, tokan da ke gadin duwatsun murjani, mai kan guduma, mai zanen damisa, da mai dogayen fikafikai masu farin baki da ke bin jirage a tsakiyar teku. Wanda bakinsa ke can gaba da ido, sau da yawa da ɗan gashin baki kamar na tarwada, ɗan gidan Orectolobiformes ne. A nan ne kifin da ya fi kowane girma a duniya yake, wanda ake kira bahlawan, mai ɗigo-ɗigon fari, da kan wuce mita 12, amma abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da yake tacewa. Gida na uku da ya kamata a sani shi ne Lamniformes, su girish ɗin da ake kira mako da mai wutsiyar bulala. Wasu daga cikinsu jikinsu ya fi ruwan da ke kewaye da su ɗumi, saboda jijiyoyin jininsu a saƙe suke ta yadda jinin da ya ɗumama a tsoka ke miƙa zafinsa ga mai sanyi da ke shigowa. Shi ya sa mako ke da gudun da babu girish mai irinsa.

Shafa fatarsa daga kai zuwa wutsiya, santsi. Shafo ta baya, sai ta kankare maka hannu. Ba ɓawon kifi ba ne a jikinta, ƙananan haƙora ne na gaske, kowanne da ƙwarinsa da jijiyarsa, duk sun kwanta suna kallon wutsiya. Suna rage jan ruwa, suna hana ƙwari maƙalewa, kuma suna dakusar da wuƙa nan da nan. Mai fiɗa da ya san aikinsa ba ya yanka daga waje. Yana huda wuri ɗaya, ya sa wuƙar a ƙarƙashin fata kaifinta na kallon sama, ya tsaga daga ciki. Haƙoran baki kuma ba su da saiwa a muƙamuƙi, a dasashi suke layi-layi. Na gaba ya faɗi, na baya ya gangaro ya maye gurbinsa, a wasu jinsunan cikin mako ɗaya zuwa biyu, har girish guda ya zubar da dubbai kafin ya mutu.

Buɗe cikin karfasa za ka ga jakar iska da ke riƙe ta a tsakiyar ruwa. Girish ba shi da ita. Abin da yake da shi hanta ce ƙatuwa mai cike da mai, wadda a wasu jinsunan ruwa mai zurfi takan kai rubu'in nauyin jiki. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, guringuntsi ya fi ƙashi rashin nauyi, fikafikan ƙirji kuma suna ɗaga shi in yana tafiya. Duk da haka in ya tsaya cak, a hankali zai nutse. Maganar da ake yi cewa kowane girish in ya daina iyo zai mutu, rabinta ce gaskiya. Mai kan guduma da mako da masu yawon tsakiyar teku sai sun yi tafiya baki a buɗe ruwa ke ratsa mashaƙarsu, saboda haka in raga ta riƙe su ba sa daɗewa. Amma mai farin bakin fiffike na cikin murjani kwanciya yake yi a kogo da rana, yana zuƙar ruwa da tsokar kumatunsa. 'Yan gidan faifai da ke binne kansu a yashi ta wasu ramuka biyu da ke bayan ido suke jan ruwa, in ba haka ba da yashi za su shaƙa. Hanjinsa gajere ne, amma cikinsa a murɗe yake kamar matakalar hasumiya, abinci na bin murɗin a hankali har jiki ya tsotse abin da zai tsotsa.

Yanzu ga abin da ya shafi uwargida. Ruwa ba ya tsami banza, haka naman girish ba ya warin fitsari banza. Ruwan teku ya fi jinin kifi gishiri, don haka kullum yana zuƙe ruwan jikinsa. Bahar Maliya ma ta fi tsanani, gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Kifi mai ƙaya shan ruwan teku yake ta yi yana fitar da gishirin. Girish wata hanya ya bi: yana tara yuriya, sinadarin da mu muke zubarwa a fitsari, a cikin jininsa da namansa, har ta kai kusan kashi 2 cikin ɗari ko sama da haka. Da ita jininsa ke yin kauri daidai da teku ko ya ɗan fi, sai ruwa ya daina gudu daga jikinsa. Yuriya mai yawa tana lalata furotin, saboda haka yana tara wani sinadarin, TMAO, kusan rabin adadinta, mai kare su. Rarar gishiri kuma wata 'yar ƙaba da ke kusa da dubura ce ke fitar da ita.

Da zarar ya mutu, ƙwayoyin cuta suna farfasa yuriyar ta koma amoniya, a zafin Jidda ko Bur Sudan cikin 'yan sa'o'i. Magani a jirgi yake farawa, ba a madafa ba. A datse wutsiya tun zuciya na bugawa domin jini ya tsiyaye ta babbar jijiya, a cire kayan ciki, a kankare baƙin jinin da ke manne da gadon baya ta ciki, wanda ƙoda ce, a wanke da ruwan teku, a binne a ƙanƙara, aƙalla kilo ɗaya ga kowane kilo na nama, da bazara ma a ninka. A gida kuma a feɗe fatar gaba ɗaya, a yanke jan naman da ke bin gefe, a yanka sauran gunduwa-gunduwa, a jiƙa a ruwan sanyi mai gishiri da lemon tsami ko khal na awa ɗaya zuwa biyu cikin firji, a sauya ruwan sau ɗaya. Tsami yana kama amoniyar da ta fara fita. In an bar shi a tsamin ya wuce ƙima naman zai yi fari ya ruguje. Wanda kuwa tun a kan tebur warinsa ke yaji a hanci, a bar wa mai shi kayansa, babu yajin da zai rufe shi. Mutanen Hadramaut hanyar gishiri da rana suka bi, su busar da shi ya zama lakham, wanda ake samu a shagunan Yamanawa.

Ta fuskar shari'a ba a cika samun gardama ba: Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta shi, Hanafiyya ma da suka taƙaita a kan kifi galibinsu kifi suke ɗaukarsa. Gardamar ta lafiya ce. Girish yana cin kifayen da suka ci wasu kifaye, yana kuma daɗewa a duniya, sai sinadarin makuri ya taru a namansa, kuma dahuwa ba ta fitar da shi. Hukumomin lafiya da dama suna hana shi ga mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara. Hantarsa kuma bitamin A ya yi mata yawa, cin ta da yawa a zama ɗaya kan kawo ciwon kai, amai da saɓar fata. Garin guringuntsinsa da ake tallatawa a matsayin maganin ciwon daji, gwaje-gwajen asibiti ba su nuna yana magani ba, kuma girish kansa yana yin ƙari.

Dubi hancinsa da kyau za ka ga ɗigo-ɗigo kamar an tsattsaga da allura. Kowane rami bututu ne cike da wani abu mai yauƙi, yana kaiwa ga jijiya. Stefano Lorenzini, likita ɗan Italiya, ya bayyana su a 1678, amma sai a ƙarni na 20 aka gane aikinsu: da su yake jin ɗan lantarkin da jikin kowane mai rai ke fitarwa, ko da kifin ya binne kansa a yashi. Daga kusa suke aiki, abin da bai wuce taku ɗaya ko biyu ba. Daga nesa sauti ne da wari ke jawo shi, sai layin jin motsin ruwa da ke bin gefen jikinsa, sai ido mai wani madubi a baya irin na kyanwa. Faɗin kan mai guduma shimfiɗa ce ta waɗannan ramuka, yana share ƙasan teku da ita yana neman kunamar ruwa, 'yar gidan faifai mai ƙari a wutsiya, wadda yake ci duk da ƙarinta.

Kunamar ruwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Akwai wadda ke zaune a ruwan daɗi a Binuwai da Kwara, har sunanta na kimiyya, Fontitrygon garouaensis, daga garin Garwa aka ɗauko shi, kuma yau tana dab da ƙarewa. 'Yar uwarta da aka fi gani a Bahar Maliya ita ce mai shuɗin ɗigo, tana kwance a yashi tsakanin duwatsun murjani a ruwan da bai kai ƙugu ba. Ba ta farauta da ƙarinta, sai an taka ta take ɗago wutsiya. Ƙarin kamar wuƙa yake mai haƙoran zarto masu kallon baya, a lulluɓe da fata mai dafi, yana shiga da sauƙi yana fita da yaga. Mai shiga ruwa ya riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, za ta ji ta gudu. In ta yi harbi, a fito da mutum, a danne jini, a wanke, a tsoma wurin a ruwan zafi kimanin digiri 43 zuwa 45 na minti 30 zuwa 90, ana ƙara ruwan in ya huce. Mai lafiya ne zai gwada zafin da hannunsa, domin wanda aka harba ba ya iya tantancewa, ƙuna ta biyu daga nan take zuwa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure sama da wurin. Ko zogi ya lafa a je asibiti, saboda guntun ƙari kan karye a ciki ya ruɓe, ga kuma allurar tetanus. In ƙarin a ƙirji, ciki ko wuya ya kafe, kada a taɓa shi. Harbi a ƙirji ne ya kashe Steve Irwin a Ostareliya a 2006. Akwai kuma ra'ad, minjiryar teku, ita ma 'yar gidan faifai, mai gaɓoɓin lantarki biyu a gefen kai, manyan jinsunanta na kaiwa bolt 200. Ba dangin minjiryarmu ba ce, ita waccan 'yar gidan tarwada ce.

Inda girish ya fi rabuwa da sauran kifaye shi ne haihuwa. Kifar da shi ka duba tsakanin fikafikan da ke kusa da dubura: namiji yana da wasu sanduna biyu, mace ba ta da su. Da su yake barbara, a cikin jikin mace ake ɗaukar ciki, ba a ruwa ba. In sandunan gajeru ne masu laushi, bai balaga ba. In sun yi tsawo sun yi tauri, ya isa. Wasu jinsunan ƙwai suke ajiyewa cikin jaka mai tauri kamar fata. Mafi yawa haihuwa suke yi. A wasu ɗan yana rayuwa da gwaiduwarsa a cikin uwa har ya fito. A kifin mako, ƙwayayen da uwa ke ci gaba da saukarwa 'ya'yan suke ci. A kunamar ruwa mahaifa ce ke tsatso wani ruwa mai maiƙo kamar nono. A mai kan guduma da yawancin girish na murjani, jakar gwaiduwa takan manne da mahaifa ta zama mabiyiya, da igiyar cibiya sak irin ta dabbar gida. Ƙaramin girish da ka ga wata 'yar tsaga a ƙirjinsa tsakanin fikafikai biyu, cibiyarsa ce ba ta gama rufewa ba, makonni kaɗan ke nan da haihuwarsa.

Sa lissafi. Karfasa tana balaga cikin watanni, ta yi ƙwai ɗaruruwa sau da dama a shekara. Tokan murjani sai ya kai shekara bakwai ko fiye, goyon ciki kusan shekara guda, 'ya'ya ɗaya zuwa shida, kuma ba kowace shekara ba. Manta, ƙatuwar 'yar gidan faifai mai fikafikai da ke taruwa a Dungunab, a gaɓar Sudan, ɗa guda take haifa bayan shekara biyu ko fiye. Saniya ma ta fi ta yawan haihuwa. Can a ruwan ƙanƙarar Girinlan akwai girish da binciken 2016 ya nuna yana kai aƙalla shekara 272, macensa ba ta balaga sai wajen 150. Wanda ya kama irin waɗannan da ƙa'idar karfasa, garke yake yankawa har da maraƙi. An ƙiyasta ana kashe girish kusan miliyan 100 a shekara, alhali mutanen da yake kashewa a duniya duka da wuya su wuce goma. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na dangin nan na fuskantar ƙarewa, wani binciken na shekarar kuma ya nuna masu yawon tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin ɗari tun 1970.

Gaɓoɓin Bahar Maliya biyu suna nuna bambancin. Saudiyya ta haramta kamun girish tun 2008, amma masu bincike daga jami'ar KAUST ta Suwal da suka bi kasuwar Jidda bayan haka sun tarar ana ci gaba da kawo shi, kuma mafi yawa ba su balaga ba. A ɓangaren Sudan, inda kamun bai kai haka tsanani ba, har yanzu ana ganin garken masu kan guduma a Sha'ab Rumi, inda Jacques Cousteau ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963, da Sanganeb, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tare da Dungunab a 2016. Saudiyya ita ma tana da nata abin kallo: kusa da Allis, kudu da Jidda, matasan bahlawan suna taruwa duk shekara wajen Afrilu da Mayu.

Masuncin da girish ya faɗa wa ƙugiya ba da niyya ba, kada ya ɗaga shi ta wutsiya ko ya cusa hannu a tsagogin numfashi. Ba shi da haƙarƙarin da ke tallafe kayan ciki, a waje da ruwa nauyin jikinsa ne ke murƙushe su, gadon bayan guringuntsi kuma yakan goce in an rataye shi. Ƙarami ma yana iya lanƙwasowa ya ciji hannun da ke riƙe da wutsiyarsa. A bar shi cikin ruwa a gefen jirgi, a yanke zaren dab da ƙugiya. In dole sai an shigo da shi, a rufe idonsa da jiƙaƙƙen buhu, a tallafe shi a kwance hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji ɗaya wajen wutsiya, a mayar da shi kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, a riƙe har sai ya fara kaɗa wutsiya da kansa.